Awon Malam Sahabi

A damunar 1998 Balkisu ta sauko daga motar Bunguɗu ɗauke da kwamfutar mahaifinta a naɗe cikin zane. Ta nufi shagon Hamza, mai gyaran rediyo da kwamfuta a Gusau, ta sauke kayan a kan tebur.

"Malam Hamza, wagga ta Baba ce, Allah ji ƙansa. Abin da ke ciki nike so."

Marigayi Malam Sahabi ma'aikacin safiyo ne. Shi ya auna burtalin shanu da ya ratsa gonakin Kekun Waje, ya zuba awon a kwamfutarsa. Takardun da ya bari a gida gara ta cinye. Bana manoma sun shuka gero a kan hanyar, makiyaya sun ce nan ce hanyarsu tun kakanni, har an sari mutum ɗaya a kafaɗa. Hakimi ya sa zama ranar Alhamis, ga shi yau Litinin.

Hamza ya juya kwamfutar ya duba bayanta, ya girgiza kai.

"Hajiya, wannan ta tsufa ƙwarai. Ramin da ake jona allonta huda tara gare shi, allunan da nike da su haƙora goma sha biyar ne. Ina nata allon?"

"Ya mutu tun Baba na da rai."

Washegari Hamza ya tafi Tsafe wurin Gambo, wani tsohon mai buga takardu da ke da irin allon nan mai koren rubutu. Ya riƙo allon a cinya har Gusau. Da ya jona, rubutu ya fito, amma kwamfutar ta ƙi ganin faifan ajiyarta. Ya buɗe murfin, ya zaro katin da ke sarrafa faifan, ya sansana. Ƙauri. Wani ɗan ƙarfe a gefensa ya ƙone baƙi ƙirin. Irin faifan nan kuwa ba ya karantuwa sai da katinsa na asali. Ya ciro makamancin ƙarfen daga wata matacciyar rediyo ya liƙa da dalma.

Ranar Laraba da hantsi Balkisu ta dawo. Faifan ya yi gurnani ya tashi, ga awon ya fito layi-layi. Babu injin bugawar da zai shiga wannan kwamfutar, sai ta buɗe littafi ta fara kwafa da biro, Hamza yana karanto mata.

A layi na sha bakwai hannunta ya tsaya.

"Sake karantawa."

"Daga tsamiya zuwa rafi, taku ɗari da ashirin, ta cikin gonar Lawali."

Lawali ƙanin mahaifinta ne, shi ya ɗauki nauyin gidansu tun rasuwar. Duk da haka ta rubuta. Ba su kai layi na talatin ba faifan ya fara ƙwas-ƙwas, rubutun ya tsaya cik. Hamza ya kashe ya kunna har sau biyar, bai sake tashi ba.

"Yanzu daga ni sai kai muka gani," in ji Balkisu. "Za ka zo ka yi shaida?"

Hamza bai so ba. Ba garinsu ba ne, kuma ya ji batun saran da aka yi wa mutum. Amma ya ce zai zo.

A gaban hakimi ta karanta abin da ta kwafa. Lawali ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, wanga rubutun ɗiyata ne, ba na yayana ba. In gaskiya ne, a kunna na'urar kowa ya gani."

Hamza ya rantse ya gani da idonsa. Aka tambaye shi ko zai iya sake nunawa, ya ce a'a. Hakimi ya ɗage zaman sai bayan girbi.

Makiyayan ba su jira ba, cikin makon suka kaɗa shanunsu wajen Magami. Lawali kuwa ya daina amsa gaisuwar Balkisu, ya hana 'ya'yansa shiga gidan su Balkisu.