Zagaye Bakwai a Yariko

"Minti talatin," in ji jagoran da Turanci, yana nuna agogonsa. Lucia ta fassara wa mutanenta, ta ƙara da tsawar da bai yi ba.

Wai nan ne Yariko. Tudun ƙasa ne da ramuka, ga rana kamar a bakin murhu. Ganuwar da fastoci ke ta zuzutawa kuwa, ragowar tubali ce da ko awaki ba za ta tsare ba. A ƙauyen Janfalan, can gida, ma akwai kufan da ya fi wannan kyan gani.

Masu ziyarar ibada mutum goma sha huɗu aka damƙa mata daga Ikara, ita ma'aikaciyar ƙaramar hukuma, kuma an gaya mata ƙiri-ƙiri: wanda duk ya ɓace a ƙasar mutane, a bakin aikinta. Duk cikinsu Lucky kaɗai take gani da gashi, malamin sakandare mai kwat da turare, wanda ita da kanta ta sa hannu ta tsaya masa. Sauran ƙauyawa ne masu ƙunshe burodin otal a bakin zane. Wadda ta fi ƙona mata rai ita ce Serah, wata tsohuwa 'yar ƙauyen Malikanchi da ko hawa lifta a otal tsoro take ji.

Ai kuwa sai ga Serah ta cire silifas ta kama zagaya tudun.

"Mama, ina kuma za ki?"

"Sau bakwai zan zaga, 'yata, yadda Joshuwa ya yi. Ɗana shekara uku yana tsare ba shari'a. Ganuwar nan ta faɗi, tasa ma za ta faɗi."

Lucia ta ja tsaki. Ta miƙa wa Lucky jakarta don ta ji sauƙin tafiya, ta bi bayan tsohuwar da takalmi mai tsini, tana haki, tana jin kunyar Turawan da ke ɗaukarsu hoto. Ta yi lallashi, ta yi barazana, Serah ko waige. Sai da ta cika bakwai ɗinta cif, ta durƙusa ta ce amin, sannan ta nemi silifas.

A bakin bas Lucia ta ƙirga kawuna. Sha uku. Ta sake ƙirgawa.

"Ina Malam Lucky? Wa ya ga jakata? Fasfo ɗinku duk suna ciki!"

Direba ya miƙo mata jakar daga kan kujera. Fasfo guda ne babu.

Serah ta kurɓi ruwa daga gorarta, ta goge baki.

"Tun ina zagaye na biyu na ga ya shiga tasi, 'yata."

"Kika gani kika yi shiru?"

"To ai na ɗauka ke kika aike shi. Ba ke kika ce mu riƙa koyi da shi ba?"