Bindigar Mukbil a Gidan Shaihu

"Ki je ki karɓo ta," in ji Mukbil, ya sake ture bargo da ƙafa.

Matarsa Takiyya ta mayar masa da bargon. "Baban Hamud, kunu ya gagare ka haɗiya, bindiga kake nema? Mala'ikan mutuwa za ka harba?"

"Ba na mutuwa tana rataye a bangon wani."

Kuma da gaske yake. Tun shekaranjiya masu Yasin suke zuwa suna komawa. Mutum ya kai bakin ƙofar lahira ya toge. Ya juya dama, ya juya hagu, ya shafa ƙusar rataye bindiga da ke saman kansa, ya yi tsaki.

Mu nan kan duwatsun Haraz, in maza biyu suka yi rigima, kowa bindigarsa yake kai wa shaihun gari jingina, sai an yanke hukunci ya ɗauko abarsa. Mukbil da maƙwabcinsa Hizam sun kai nasu tun Hamud yana goye, a kan ruwan da ke gangarowa gonakin gahawarsu. Shaihu ya mutu bai yanke ba. Hamud ya girma ya tafi Jidda ƙwadago. Su kuma tsofaffin ko a masallaci ba sa haɗa kafaɗa.

Takiyya ta ja mayafi ta hau tudu, gwiwa na ƙara. Ta tarar da Sadik, ɗan marigayi shaihu, kumatu cike da ganyen kat, wanda mazan nan ke taunawa kamar goro. Da ya ji abin da ya kawo ta sai ya daina tauna.

"Gwaggo, ai abin da kamar wuya."

"Wuyar me? Ƙafa ta yi ta tafi?"

Ya shiga ya fito da bindiga ɗaya tak, duk ƙura. Ɗayar, wai an ara wa wasu 'yan rakiyar ango shekarun baya, ba ta dawo ba. Ta wa ce ta rage, bai sani ba. Iri ɗaya ne, dogaye, na sojan Turkawa, kowa daga ubansa ya gada.

"Kuma ko tasa ce, Gwaggo, ba ta fita sai abokin shari'a ya yarda."

"To aika a kira makahon."

Aka jawo Hizam. Idonsa ya yi fari fat, amma bakin yana nan. Ya zauna, aka ɗora masa ita a cinya.

"Har yanzu bai tafi ba?"

"Kai yake jira ka riga shi," in ji Takiyya.

Ya bi ta da yatsu tun daga hanci. Ya tsaya kan hatimin. "Ga jinjirin watan Turkawa." Ya ja sakatar da ke tura harsashi, ta cije, ya doke ta da tafin hannu ta buɗe. Ya shinshina ciki. Ya taɓa kunama, ya gangara kan katakon gindi, ya daɗe yana shafawa.

Takiyya ma gindin take kallo. Ta Mukbil ta taɓa tsagewa a wurin, ranar da ubansa ya buge jaki da ita, aka naɗe da wayar tagulla. Wannan sumul take. Ta buɗe baki, Hizam ya yi wani tari mai ƙarfi.

"Ta Mukbil ce," ya ce. "Na yarda ta fita. Ni zan kai."

Ta rufe bakinta. Ita dai a kai wa mutumin nan ko taɓarya ce, ya samu ya huta.

Suka gangaro, ita a gaba tana faɗa masa inda dutse yake, shi a baya da bindiga a kafaɗa, mata na leƙe ta tagogi. Rabon Hizam da matakalar gidan nan, an manta.

Mukbil ya ji takun da ba na matarsa ba. "Wane ne?"

"Ɓarawon ruwanka. Ungo."

Mukbil ya rungume ta a ƙirji kamar jariri. Takiyya ta tsaya riƙe da ƙofa tana addu'a Allah ya sa hannunsa ya mutu kafin shi. Ina! Yatsun suka tafi kai tsaye wurin wayar, suka laluba, suka dawo. Ya gwada sakata, ta ƙi motsi.

"Makaho."

"Na'am."

"Tawa da ɗan yatsa ake jan ta. Wannan mai taurin kan taka ce."

"Na sani. Taka ta tafi biki."

Ko yaron goye a garin nan ya san abin da ake nufi in namiji ya ɗauko bindigarsa da kansa ya sa a hannun abokin rigimarsa: na ba ka wuyana, yanke yadda ka so.

Mukbil ya daina motsi da ƙafa. "Ka san me ka yi kuwa?"

"Yi sauri ka yanke, gwiwata na ciwo."

"Ruwan, Hamud ba zai dawo noma ba, sha abinka." Ya numfasa. "Hukuncinka, kai za ka kama gaban makarata."

"Makaho a gaba? Sai in zuba ka a gonar wani."

"Gonarka za ka nufa, na san ka."

Takiyya ta fita ɗora ruwan ɓawon gahawa, tunda baƙo ya shigo gida. Kafin ya tafasa Hizam ya kira ta, da wata murya da ba ta san shi da ita ba.

Bayan la'asar ta hau soro, tunda mata ba sa bin gawa. Makara na sauka tsakanin gonaki, tana ɗan karkata hagu. Hizam na gaba, kafaɗa ɗaya ƙarƙashin itace, ƙafarsa na laluben kowace matakala. An miƙo hannu a karɓe shi ya fi a ƙirga, bai saki ba, har suka sha kwana bayan itatuwan gahawa.