Gashin Bakin Mai Aski

Ba na manta ranar da muka cika shagon mai aski muna kallon damben masu nauyi a talabijin. Zakaran duniya bai taɓa shan kaye ba, abokin karawarsa kuwa wani mai tumbi ne da muka sa wa suna Buhu.

Wani tela na zaune a kujerar aski da ƙyalle ɗaure a wuya. Shi kaɗai ya ce Buhu zai ci.

Mai aski ya murza gashin bakinsa da yake ji da shi, ya ce, "In Buhu ya kayar da gwanina, yau sai na aske gashin baki a shagon nan."

Ana cikin fafatawa Buhu ya saki wani naushi, sai ga zakara shame-shame a ƙasa. Alƙalin wasa ya gama ƙirga, bai tashi ba. Shago ya kaure da ihu, har kawuna ya rungume wani direba da suke gaba da juna.

Tela yana dariya har da hawaye. "Maigida, ga reza, ga madubi. Bismillah!"

Mai aski ya ɗauki reza a natse, ya dafa kafaɗar tela. "Na ce zan aske gashin baki. Ka ji na ce nawa?"

Tela ya shafa nasa gashin bakin, ya zabura ya yi titi da ƙyallen a wuya, muna ta yi masa shewa. Na mai aski yana nan har yau, sai dai furfura.