Tafin Marigayi

Tun da Kawu ya zaro faifan daga aljihun rigarsa Auta ta yatsine fuska. Ba kwali, ba leda, haka nan ya zo da shi. Gefe guda maiƙo ya bushe a kai, ɗaya gefen ga shatin gindin kofi, har da wani silin gashi manne a jiki. Da yatsu biyu ta karɓa, kamar mai ɗaukar mushen ɓera.

"Kawu, wannan faifai ne ko murfin kwano?"

"Ke dai yi aikinki. Taron sallamata ne daga ofis. So nake ki mayar min da shi cikin waya, ki sa sunana a farko da manyan baƙaƙe."

Auta ta daɗe tana sana'ar tace bidiyo a ɗan shagonta, amma ba ta taɓa wanke faifai da sabulu ba sai ran nan. Ta goge shi, ta zura a kwamfuta. Na'urar ta yi ta gurnani kafin ta yarda ta karanta. Shi kuwa Kawu ya ja kujera ya manne mata, ya tuɓe takalmi, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan kwalin takardunta, yana sakace da tsinken ashana. Abin da ya zaƙulo sai ya duba shi tukuna, sannan ya shafa a ƙarƙashin teburinta.

Ta kwafe bidiyon, ta jawo shi cikin manhajar tacewa, sai ga rigima. Faifan ya rarraba taron gutsure-gutsure. Hoto ya tafi, ya cije, ya zabura. Duk wanda ya motsa sai fuskarsa ta tsattsage kamar an bi ta kanta da mataji. Mafi muni, murya ta ƙi tafiya tare da hoto. Baki ya gama motsi, magana na can baya tana jan ƙafa, kuma duk yadda taron ya yi nisa, haka tazarar ke ƙaruwa.

A haka suka kai wurin da Kawu ya miƙe a cikin bidiyon zai karɓi makirufo. Sai ɗakin taron ya kaure da tafi, har da masu fito.

"Tsaya! Mayar da shi baya!" Kawu ya daki cinyarsa. "Kin ji ko? Kin ji mutane?"

Auta kuwa hankalinta na kan matsalar. Ta sauya saitin manhajar, ba ta canza zani ba. Ta kashe kwamfutar ta kunna, jiya i yau. Daga ƙarshe ta haɗe gutsattsarin wuri guda, ta juya su zuwa wani tsari da manhajar ke ganewa. Aikin ya ɗau lokaci, har Kawu ya yi gyangyaɗi baki buɗe. Da ta sake kunnawa, fuskoki sun yi sumul, magana kuma ta dawo bakin masu ita.

Nan tafin ma ya koma wurin mai shi. Ashe na Dogo ne, mataimakin Kawu, wanda aka sallame su tare, Allah kuma ya yi masa rasuwa bara. Shi ya yi jawabi kafin Kawu, gajere, muryarsa na rawa, mutane suka miƙe tsaye suna tafa masa. Da Kawu ya karɓi makirufo kuwa, ba ka jin komai sai ƙarar cokula da tarin wani mutum a baya.

"Me kika yi masa?" in ji Kawu, barci ya watse. "Kin ɓata shi!"

"Gyara shi na yi, Kawu. Ɗazun ne yake a ɓace."

"To mayar min da shi yadda yake ɗazun."

Ta juyo ta dube shi. Yana wurin taron nan, da kunnensa ya ji wanda aka tafa wa.

"Kawu, tafin marigayi ne fa."

"To me zai yi da shi yanzu? A kabari zai saurara? Ki ma cire shi gaba ɗaya, ya cika wuri."

Auta ta tuna ko wane ne Dogo. Mutumin da kowa a dangi ya san shi ke riƙe da ofis in Kawu ya fice yawonsa. Ta ce ita kam ba za ta iya ba. Kawu bai ja da ita ba, waya kawai ya ɗauka ya kira yayarsa, mahaifiyar Auta, ya miƙa mata.

"Haba Auta," in ji Mama, "ƙanena ne fa. Yi masa abin da yake so ku rabu lafiya, kada ya zo ya cika min kunne."

Haka ta zauna ta yanke Dogo, ta ɗauko tafinsa ta liƙa a kan Kawu, tana yi tana kawar da kai. Kawu ya ce ta ƙara masa ƙarfi, ta ƙara. Ya ce ta sa wani a ƙarshen jawabin ma, ta sa. Sunan shagonta da ta saba rubutawa a ƙarshen kowane aiki ne dai ta ƙi sawa. Cikakken bidiyon kuma ta ajiye shi gefe, da niyyar neman iyalan Dogo ta ba su.

Kawu ya zura takalminsa ya fita ko sannu babu. Bai yi nisa ba, shagon tela na maƙwabta ya faɗa. Ta bango Auta ke jiyo tafin yana tashi daga wayarsa, ya ƙare, a sake mayar da shi baya, Kawu na cewa, "Ka ji mutane ko? Hana ni magana suka yi!"

Ta buɗe kwanon abincin ranarta, ta dube shi, ta mayar da murfin. Sannan ta tashi ta tura ƙofa.