Ciyaman a Ƙofar Garaɓasa

Ranar da labari ya bazu cewa kamfanin Garaɓasa ya sayi filin ƙarshen layi zai gina kanti, babu wanda ya kai Ciyaman kumfar baki. Shi ne shugaban masu shagunan layin, kuma yayan Auta mai kwanuka, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya hau benci a gaban shagonsa na takalma, ya rantse sai dai a gina kantin a kan gawarsa. Aka yi ta tafi. Auta tana baya tana goge murfin tukunya, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta san Yaya tun yana cinye rabonsa ya dawo yana taya ta cin nata.

Shi aka wakilta ya je ya gana da mutanen kamfanin. Ya tafi kamar zai ci babu, ya dawo baki har kunne, da sabuwar hula mai tambarinsu a ka. Ya tara jama'a ya ce ya yi nazari mai zurfi, ci gaba ne ya biyo su har gida, kuma mutanen nan 'yan arziki ne, don har lemo suka ba shi da tsinken zuƙa. A ɓoye ya raɗa wa Auta cewa an yi masa alkawarin muƙamin mai ba da shawara, da ofis mai labule. Ta ce Allah ya sanya alheri, ya dai tuna banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kanti ya tashi, zungureren gini ba taga ko ɗaya, fitilu farare suna ci rana tsaka. Tukunyar da Auta take sarowa da kyar, a can suna sayar da ita ƙasa da kuɗin sari. Matan da a da suke cika mata shago, su zauna su amayar da sirrin gidajensu kafin su sayi cokali ɗaya, yanzu sai su wuce da ledoji rawaya niƙi-niƙi, idonsu a kan waya kamar an aiko musu da saƙon mutuwa. Maƙwabciyarta ta jikin katanga ma har ta samu fuskar kawo mata tukunyar Garaɓasa da mariƙinta ya cire tun a girkin farko, wai ko za ta taimaka ta ɗaure mata.

Mai sabulu ne ya fara rufewa, sai mai fitilu, sai telan da yake ɗinka kayan makaranta. Ciyaman da kansa ya karyar da takalmansa ya mayar wa mai gida mabuɗi, yana cewa babban mutum ba ya raba hankalinsa biyu. Mai aski kaɗai ya tsira, shi ma don kamfanin bai gano yadda ake sa aski a kwali ba tukuna.

Auta ta cije har inda haƙorinta ya kai. Amma ga yara a makaranta, ga maigida ciwon baya ya kwantar da shi. Wata safiya ta sauke ƙofar shagonta, ta taka zuwa ƙarshen layi ta nemi aiki. Aka ba ta riga rawaya, aka tsayar da ita wajen karɓar kuɗi.

Tsayuwa kuwa ta gaske, don babu kujera. Manaja, wani mai siririyar murya da ƙamshin turare, ya yi musu bayani cewa bincike ya nuna zama yana kawo kasala. Shi a zaune ya faɗa. Kullum kafin a buɗe sai a yi da'ira a tafa, a rera waƙar kamfani, mata masu jikoki suna karkaɗa kafaɗa kamar 'yan raino. Manaja ya ce su duka iyali ɗaya ne. Irin iyalin da sai ka nemi izini kafin ka zaga bayi, kuma in ciniki ya yi sanyi a ce ka tafi gida, awannin da suka rage sun bi ruwa. Ranakun aiki ma a waya ake turo su, yau a ce zo, gobe a ce huta, har mutum ya kasa yi wa kowa alkawarin komai.

Shi kuwa Ciyaman, ofis ya zama rigar leda mai ƙyalli da ɗan allo a ƙirji an rubuta Jakadan Maraba. Aikinsa ya tsaya a ƙofa ya yi wa masu shiga murmushi, ya duba rasit ɗin masu fita, ya kuma caje jakar ma'aikata in sun tashi. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce na ɗan lokaci ne, fenti ake yi wa ofishin.

Da ma in Auta ta zo fita yakan kau da kai ta wuce. Wata la'asar sai manaja ya ce an rasa cokula a kan kanta, ya zo ya tsaya a ƙofa ya harɗe hannu. Kanti a cike, tsofaffin maƙwabta suna kai da kawowa. Ciyaman ya yi gyaran murya.

"Auta, buɗe jakar. Doka ce, ba ni na kafa ta ba."

Ta dube shi daga hula har takalmi. Ba ta miƙa masa ba, ta kife jakar a kan teburinsa: maganin maigida, ɗankwali, kwanon abincinta, da man zafin da take shafa wa ƙafafunta.

"Laluba da kyau, Yaya," ta ce. "Ko za ka ci karo da ofishinka a ciki."

Dariya ta ɓarke har wajen masu tura keken kaya. Ciyaman ya yi tsuru-tsuru yana juya ɗankwali a hannu. Washegari saƙo ya shigo wayar Auta cewa an rage mata ranaku saboda ƙarancin murmushi. Cokulan kuwa, daga baya aka gan su a sito, ba a ma fito da su daga kwali ba. Babu wanda ya ce mata yi haƙuri.

Da layi ya gama mutuwa, sai araha ta fara tsufa. Kayan da aka saba kwasa kamar kyauta suka riƙa hawa a hankali, mutane suna gunaguni suna biya, don babu wani wajen zuwa. Sannan aka kawo na'urori masu karɓar kuɗi da kansu, aka sa Auta ta koya wa masu sayayya yadda za su yi aikinta. Ta koya musu, da murmushin da doka ta tanada.

Ashe da ma hukuma ta yafe wa kamfanin haraji ne na wasu shekaru. Shekarun suna cika, ma'aikata suka zo da safe suka tarar da ƙofa a garƙame. An koma wani babban reshe can bayan gari. Manaja ya fito ta ƙofar baya ya raba wa kowa bokitin roba ɗaya, ya ce ba zai taɓa mantawa da wannan iyali ba.

Auta ta je neman tsohon shagonta, ta tarar 'yan caca sun kama shi. Sai ta kafa tebur a ƙofar gida, ta jera 'yan kwanuka da allura da zare. Maƙwabta suka dawo suna tsayawa, suna tsine wa Garaɓasa, suna cewa ai na gida shi ne na gida. Ta riƙa jin su tana gyaɗa kai.

Ba a daɗe ba kamfanin ya fara turo bas kyauta duk ƙarshen mako, tana kwasar mutane zuwa sabon reshen. Daidai gaban teburin Auta take tsayawa. Mai jera fasinja kuwa Ciyaman ne, yana buga jikin mota yana kiran a yi sauri. Masu tsinuwa suka yi layi da jakunkuna, kowa yana kallon ƙasa.

Maƙwabciyar jikin katanga ta ratso da yaranta biyu, ta ce don Allah Maman yara ta riƙe mata su, yanzu za ta je ta dawo.

Auta ta ci gaba da jera murafai.

"Tafi da su can," ta ce. "Ai an ce a Garaɓasa babu abin da babu."