Tsarin da Sauda Ta Yi wa Kawu Mati

Sauda, 'yar Malam Abdulkahar na garin Zakka, ta riga ta haye duk jarrabawar rubutu da ake yi kafin a ba mutum shaidar ƙwarewa a aikin tsara wa jama'a dukiyarsu. Ta karanta zuba jari da haraji, ta karanta inshora da tanadin tsufa, ta karanta sha'anin gado da ladubban aikin. Abu ɗaya ya rage mata. Sai ta samo gida na gaske, ta zauna da mutanensa, ta tsara musu yadda za su tafiyar da abin hannunsu, sannan ta je Abuja ta kare tsarin a gaban kwamiti.

Abokan karatunta duk manyan ma'aikata suka nema, masu albashi da fansho, don lissafinsu ya fi sauƙi. Ita kuwa tana cikin neman wanda za ta ɗauka sai mahaifiyarta ta bugo mata waya, ta ce Kawu Mati ya sayar da shanu.

Kawu Mati ƙanen mahaifiyarta ne, manomi a ƙasar Ruma. Da 'yan bindiga suka kore masa rabin garke a tsakiyar damina, ya kwashe iyalinsa ya dawo cikin garin Batsari ya kama haya, sauran shanun kuma ya kai su kasuwa tun kafin a dawo a ƙarasa. Yanzu ga kuɗi a hannunsa irin wanda bai taɓa riƙewa ba, ga masu shawara sun yi masa caa. Wani ya ce ya sayi babura ya ba da haya, wani ya ce akwai inda ake zubawa a waya ya ninka cikin wata guda.

Da Sauda ta nemi izinin tafiya, Daudu, manajan ɗan kamfanin zuba jarin da take wa aiki a Katsina, har tashi ya yi daga kujerarsa.

"To ai shi ke nan! Ki kawo mana shi. Ga tsarinmu na ajiya mai dogon zango, ki saka kuɗin duka. Kin samu abin rubutawa, kin samu kamasho."

Ta ce, "Bari in je in gan shi tukuna, ranka ya daɗe."

Ta iske kawun nata zaune a zaure bisa buzu, ya rame, hannuwansa a kan gwiwa kamar bai san abin da zai yi da su ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi gida da yara da jikin Inna Kande matarsa, ta yi masa jajen abin da ya faru. Sai da aka ci tuwo aka sha ruwa sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ya ce, "To ɗiyata, ke da kika yi karatun, hwaɗa mani inda zan sa su."

"Ba yau ba, Kawu. Yau ni zan yi ta tambaya, kai kana ba ni amsa."

Haka aka koya mata, kuma haka ta yi. Baki nawa yake ciyarwa? Hatsin da ya tsira da shi zai kai su wane wata? Wa ke ciwo a gidan, wa ke makaranta? Gonar Ruma tasa ce shi kaɗai ko ta gado ce da ba a raba ba? In ya rufe ido ya hango kansa nan da shekara goma, a ina yake ganin kansa? A kan wannan ta ƙarshe ya ce shi dai Ruma yake son komawa in ƙasa ta lafa, kuma ba ya son ya mutu ba dabba ko ɗaya a ƙofar gidansa.

Da ta shiga cikin gida wajen Inna Kande, tana taya ta tsince shinkafa, sai maganar ta fito ba tare da an nema ba.

"Har da saniyata Goje da ɗiyarta aka sayar," in ji Inna Kande, idonta na kan faifai. "Tun tana maraƙa babana ya ba ni ita. Amma mi zan ce? Ana ta rai."

Sauda ta tsaya da tsintar. Ta tambaya a hankali ko akwai wata dabbar da ba ta Kawu ba a cikin garken. Ashe akwai, wani bijimi na marayun maƙwabcinsu da aka ba shi kiwo.

Washegari ta faɗa wa kawunta cewa kafin a yi maganar zuba ko kwabo, sai an ware kuɗin shanun Inna Kande da na bijimin marayu. Fuskarsa ta canza nan take.

"Na marayu dama ina sane. Amma Kande? Ni da Kande har akwai naka da nawa? Sauda, raba mani gida kika zo yi?"

Ba ta taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Amma ba ta janye ba.

"Kawu, Allah Ya ja kwananka. In aka bar su a haɗe, ranar da ta Allah ta kasance, duka za a raba a matsayin naka, ita ta tashi da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, a cikin abin da yake nata ne tun asali. Ba zan iya rubuta maka tsari a kan dukiyar da ba taka ba."

Ya tashi ya shige masallaci.

Ranar ta hau mota ta wuce Zakka. Ta sami mahaifinta ya tashi daga karatun la'asar, ta zayyana masa komai, tana tsoron kada ya ce ta yi wa babba rashin kunya. Malam Abdulkahar ya saurara har ta gama. Shi ne mutumin da ake kira ya yi rabon gado daga ƙauyukan Safana har cikin Batsari, ya kuma ga gidajen da irin wannan ta tarwatsa. Sai ya shiga yi mata tambayoyi kamar ɗaliba. Wasiyya iyakarta nawa? Ta ce sulusi. Ana yi wa magaji? Ta ce a'a, sai in sauran magada sun yarda. Me ake fara cirewa kafin rabo? Ta lissafa masa. Ya gyaɗa kai.

"Wannan ma a makarantar taku aka koya maku?"

"An koya mana na dokar ƙasa da na shari'a, Baba. Amma na shari'ar tun a zauren nan na fara jin sa."

Sai ya kira Mati a waya. Sun daɗe suna magana. Abin da Sauda ta ji kawai shi ne, "Yarinyar nan gaskiya ta gaya maka, kuma don tana ƙaunarka ne."

Da ta koma Batsari, kawun da kansa ya kira Inna Kande zaure, ya miƙa mata nata a gaban shaidu, ya kuma ware na marayu. Sannan aka zauna tsari. Sauda ta ware abin da zai riƙe gidan wata shida, ta ce wannan na ko-ta-kwana ne, a asusun da za a iya cirewa kowane lokaci. Ta sa wani kaso a sukuk, takardun zuba jari na tsarin Musulunci, tunda Kawu ya ce ba ya son abin da ya shafi kuɗin ruwa. Ta nuna masa yadda tsadar kaya ke cinye kuɗin da aka ajiye a ƙarƙashin katifa, don haka aka sayi hatsin ci tun da kaka. Ta samo musu inshorar lafiya saboda hawan jinin Inna Kande. Ta sa aka rubuta iyakar gonar Ruma da sunayen masu haƙƙi a cikinta. Ragowar kuma ta ce a sayi raguna a turke a bayan gida. Maganar ninkawa a waya, ta roƙe shi ya manta da ita.

Ko sisi bai shiga kamfaninsu ba. Daudu ya yi ta faɗa, ya ce ba ta san ciwon kanta ba. Ta ba shi haƙuri, ta ce tsarinsu ba ya da laifi, amma wanda ya saka ba ya iya cirewa sai bayan shekaru, mutumin da ya baro ƙauyensa da gudu kuwa bai kamata a kulle masa kuɗi ba. Kusan wata guda yana amsa gaisuwarta da ƙyar.

A Abuja, shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai suna Hajiya Zuwairatu, ta daɗe tana juya takardun kafin ta ɗago.

"Raguna? Mutumin da aka kore wa shanu kika sake mayar da shi kiwo?"

Sauda ta ce, "Kaso kaɗan ne, wanda ko ya salwanta gidan ba zai kwana da yunwa ba. A cikin gari suke, ba a daji ba. Kuma shi ne abin da ya fi kowa sani. Tsarin da mai shi ba zai iya zama da shi ba, zai rushe shi da hannunsa cikin wata uku."

Wani daga cikinsu ya tambaye ta haraji, ta amsa. Ya tambaye ta me ya sa ba ta kai kuɗin kamfanin da take aiki ba, ta ce amfanin wanda ya ba ta amana ne a gaba da nata, kuma ta gaya wa kawunta tun farko cewa akwai kamashon da za ta samu in ta kai. Hajiya Zuwairatu ta cire tabarau, ta ce a duk waɗanda suka zo ranar, ita kaɗai ta kawo gidan da ba albashi a cikinsa, kuma tana so Sauda ta ba su izini a cire sunaye a riƙa koyar da tsarin.

Sakamako ya fito ana saura kwanaki babbar salla. Kawu Mati ya sayar da ragunansa da riba, ya hau babur har Zakka da guda ɗaya a ɗaure a bayansa, ya ce na Sauda ne. Ta ce ƙa'idar aiki ta hana ta karɓar kyauta irin wannan. Ya ce to ba ita ya kawo wa ba, yayarsa ya kawo wa. Aka yi ta dariya a tsakar gida.

Malam Abdulkahar ya karɓi takardar shaidar da hannu biyu. Ba ya karanta Turanci sosai, amma ya bi sunanta da yatsa har ƙarshe, inda nasa sunan yake. Ya fita da takardar zaure ya nuna wa malaman da suka zo gaisuwa, ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Ɗiyata ce. Har Abuja ta je ta yi masu bayanin tumuni."

Da baƙi suka watse ya dawo ciki, ya zauna kusa da Sauda, ya rage murya.

"Ni ma ina da gona, ga littattafai, ga ƙannenki. Yaushe za ki samu lokaci ki zauna da ni?"

Sauda ta sunkuyar da kai, murmushi ya ƙi ɓoyuwa.

"Bayan salla, Baba. Ranar Asabar da hantsi."