Jar Fata a Ƙafar Shamuwa

Da wani kamfani ya kafa manyan fankokin nan masu samar da lantarki a hanyar Nangere, ni aka ɗauka aikin tsintar tsuntsaye. Kullum da safe sai in zagaya gindinsu, duk tsuntsun da fanka ta kaɗe in ɗauki hotonsa, in sa a leda, in kai firjin ofis. Abokaina na Bolewa har suna suka laƙaba mini, wai Sarkin Mushe. Ko a jikina. Yau kurciya, gobe hasbiya, wata rana shirwa, ba wadda na sani a cikinsu.

Shamuwar gidanmu kuwa daban ce. Shekarun baya iska ta jefo ta daga tsamiyar tsakar gida, ƙafa a karye. Babana, Malam Saleh, ya yi mata ɗori kamar ɗan mutum, ya ɗaure da jar fata da wani ƙulli nasa da ba mai iya kwancewa. Ta warke, fatar ta zauna. Baba ya rasu, ita ba ta fasa ba, duk shekara kafin ruwan farko sai ta dawo sheƙarta da mijinta. Mahaifiyata, Inna Hajjo, ba ta yarda a taɓa iri sai sun sauka. Tun da idanunta suka tafi, kunne take kasawa. Takan ce gaisuwar mai gida ce ke zuwa mata.

Bana gabas ta fara yin baƙi, tsamiya shiru. Kullum na dawo sai ta ce, "Bubayaro, ba ka gan su a hanya ba?"

Ranar Laraba na ga shamuwar. Tana kwance cikin kututturan gero a ƙarƙashin fankar ƙarshe, fiffike guda ya yi gefe. Tun daga nesa na hango jan nan. Na zauna a ƙasa na yi kuka, wallahi, ni da nake tsintar mushe ina waƙa. Sannan na yi aikina kamar kullum. Fatar kawai na yanke na sa a aljihu.

Da la'asar na tarar da Inna a gindin tsamiya, fuskarta na kallon sama. Namijin ya sauka, yana ta kaɗa baki a sheƙa.

"Sun iso, Inna," na ce. "Gobe sai a fito da iri."

Ba ta yi murna ba. Ta daɗe tana saurare.

"Baki ɗaya nake ji, ɗan nan. Ina ɗayar?"

Na durƙusa, na sa mata fatar a tafin hannu. Yatsunta suka bi ta a hankali har suka kai ƙullin, suka tsaya.

"Ɗaurin babanku ne. Har yau bai kwance ba." Ta damƙe ta. "Ka dai rufe ta, ko?"

Na kasa gaya mata tana cikin firji, a leda, da lamba a jikinta.